Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen sayen keken dutse mai shok gaba da baya

Kusan duk wanda ya zo min da maganar sayen keken hawan duwatsu mai shok gaba da baya, tambayarsa ta farko ba ta canzawa: kilo nawa ne? Ta biyu kuma: kabon ne, wato firam ɗin na zaren kabon ne mara nauyi, ba na ƙarfe ba? Da wuya ka ji wanda zai tambayi wa zai buɗe masa shok ɗin ranar da ya fara yoyo, ko a ina zai samo boris ɗin gaɓoɓinsa. Bakina ya gaji da maimaita amsa ɗaya a bakin hanya, ga shi kuma duk shekara sai an samu sababbin da suka zuba kuɗin da ya isa sayen babur a kan keken da ba zai yi musu hunturu biyu ba. Abin da zan faɗa a nan, yadda ni nake yi ne a duwatsun Jos, daga Shere zuwa burtalolin da suka ratsa tsofaffin ramukan kuza. Wani mahayin zai saɓa mini a wasu wurare, kuma yana da hujjarsa.

Mu fara da kilo ɗin, tunda shi ya fi ɗauke hankalin mutane. Keken tsere na manyan 'yan wasa yana tsakanin kilo 10 da 11. Na alminiyam mai matsakaicin farashi yana kai 13 zuwa 14. Kuɗin na farko kuwa yakan ninka na biyun sau biyu ko uku, wani lokaci ma fiye. To, zauna ka yi lissafi. Kai kilo 72, keke kilo 11, ruwa da kayan gyara kilo 2, jimla 85. Idan ka rage kilo ɗaya, abin da ka sauƙaƙa wa ƙafafunka bai wuce kashi 1.2 cikin ɗari ba. A hayin da ke cin minti 20, ribarka ba za ta wuce daƙiƙa 14 ba. Ga mai neman lambar zinare, daƙiƙa 14 dukiya ce. Kai kuwa, tsayuwar minti biyar kana gyaran taya a daji ta cinye wannan ribar sau ashirin.

Kuma ka san inda ake yanko nauyin? Daga taya mai siririn gefe, faifan birki ƙarami, fok (shok na gaba da ke riƙe wili) mai ƙafafu masu kaurin milimita 32 maimakon 34 ko 35, da sandar sirdi wadda ba ta sauka. Wato duk abin da zai riƙe ka a gangara shi ake ragewa. Nauyin da ake rubutawa a talla ma galibi ba feda a ciki, ba kwalbar ruwa, kuma ba lallai a kan girman firam ɗinka aka auna ba. A gasar Olimfik ta Faris a 2024, tayar Tom Pidcock ɗan Ingila ta sace yana kan gaba, ya yi asarar fiye da rabin minti, amma aka canza masa wili, ya koma ya ci zinare. Shi yana da makaniki a bakin hanya riƙe da sabon wili. Kai a bayan Shere, wa kake da shi?

Don haka ni idan zan ƙara nauyi, a taya nake ƙarawa, kuma ba na jin zafinsa. Dutsenmu yana da kaifi, ƙaya kuma ba ta ƙarewa. Ba na hawa abin da faɗinsa ya gaza inci 2.35, kuma ta baya dole gefenta ya zama mai kauri, irin EXO+ na Maxxis ko Super Trail na Schwalbe. Tubles nake hawa, wato taya marar tib, da ruwan toshe huji a ciki. Sai dai ruwan nan bushewa yake, kuma zafinmu yana hanzarta shi, shi ya sa duk bayan wata ɗaya ko biyu nake girgiza wilin in saurara. In ban ji motsin ruwa ba, in ƙara. Iska kuma tsakanin 20 da 26 a ma'aunin psi ta isar wa yawancin mutane. Wanda ya kai wa mai faci ya ɗura masa 45, sannan ya zo yana cewa keken na zamewa a kwana, ba keken ne da laifi ba.

Kuskure na gaba shi ne sayen keke ba tare da mutum ya tsayar da abin da zai yi da shi ba. Shok ana auna shi da nisan da yake nutsewa. Na tsere yana da milimita 100 zuwa 120, na yawon daji 130 zuwa 150, na masu gangara mai haɗari 160 zuwa sama. Wani zai ɗauko mai 160 saboda ya gan shi a bidiyo yana tashi sama, alhali hawansa duka bai wuce hanyar gona da gargada ba. Sai ya yi ta jan kilo 15 da 'yan kai a kowane tudu. Wani kuma zai ɗauko tsohon keken tsere mai 100, mai fok a miƙe, ya shiga da shi gangarar duwatsu. Kekunan tseren da aka ƙera shekara goma sha da suka wuce, kusurwar wuyansu kusan digiri 70 ce ko sama, abin da ke jefa nauyin mahayi gaba da zarar hanya ta sunkuya. Na yanzu sun koma wajen 66 zuwa 67, saboda filayen gasar da kansu sun ƙara tsanani. Keken Scott Spark ɗin da Nino Schurter ɗan Suwizalan ya ci gasanni da shi ya koma 120 gaba da baya, haka ma Specialized Epic 8 da ya fito a 2024. Idan keke ɗaya za ka saya don tsere da yawo duka, ni 120 nake cewa, da fok mai ƙafafu 34 ko 35. Dokin sukuwa daban, na doguwar tafiya daban, amma wannan shi ne ya fi kusa da haɗa biyun.

Akwai kuma lambar da ba wanda ke dubawa. Kamfanoni da yawa suna rubuta ajin keken a littafinsa ko a jikin firam: aji na 3 an yi shi ne don tsallen da bai kai santimita 61 ba, aji na 4 har zuwa 122. Yawancin kekunan tsere 'yan aji na 3 ne. Suna kuma da iyakar nauyin da za su ɗauka. Mai jiki, duba wannan kafin ka biya.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona min rai, domin shi ne ya ci min kuɗi mai yawa. Na taɓa sayen wani tokumbo, kabon, mara nauyi, fenti ko ƙwarzane babu. Shok ɗinsa na baya irin wanda kamfani ya ƙera wa wannan firam ɗin kaɗai ne, da tsawonsa na daban da mazauninsa na daban. Mai sayarwa ya ce ba a taɓa buɗe shi ba, ya faɗe ta a matsayin yabo. Hunturu ya shigo, ƙura ta samu hanya, robar da ke riƙe iska ta cinye. Da farko sai in buga iska da safe ta kai ni yamma. Daga baya ko fita gari ba ta kai ni. Na zaga wajen duk wanda aka ce min ya iya, ba wanda ke da kayan buɗe shi. Na rubuta wa masu gyara a waje, amsa ɗaya: an daina yin kayan cikinsa. Na ce to a sa wani shok ɗin, aka auna, babu wanda ya zauna a wurin. Keken da ko tsaga babu a jikinsa ya koma jingine a bango, gasar da na yi watanni ina shiri dominta ta wuce ina kallo, a ƙarshe na kwance wili da giya da birki na sayar ɗaya bayan ɗaya a kan abin da bai kai rabin kuɗina ba.

Saboda haka idan na ga yaro ya turo min hoton keke yana cewa "Yaya, duba yadda aka ɓoye shok ɗin, duba kyau," raina ɓaci yake. Kyau a ina? Tambayi lambar shok ɗin! Kowane shok yana da lambobi biyu: tsawonsa daga ido zuwa ido, da nisan nutsewarsa. Tun daga 2016 aka koma sabon ma'auni, irin su 190×45 da 210×50. Tsofaffin kuwa irin su 165×38 da 200×57 ne. Idan lambar taka tana cikin waɗanda kowa ke yi, ko ya mutu gobe za ka samu madadinsa, sabo ko na hannu, daga Fox ko RockShox ko wani. Idan kuwa na gida ɗaya ne, to sai ka tabbata har yanzu ana yin kayan gyaransa, kuma kana da wanda zai kawo maka. Ba ka da tabbacin nan? Bar musu kayansu, ko da kyauta suka haɗa maka da hular kwano. Ni yanzu ba na biyan kuɗin keke sai na riga na ga inda zan sayi robobin shok, boris ɗin gaɓoɓi da ƙarfen da ke riƙe mai canza giya na baya. Sau da yawa tare da keken nake yin odarsu, su zauna a akwati.

Wannan ya kawo mu ga sabis, wanda kusan kowa ke mantawa da shi a lissafin kuɗi. RockShox sun ce a buɗe ƙafafun fok da gwangwanin iskar shok duk bayan awa 50 na hawa. Fox sun ce cikakken sabis duk awa 125 ko shekara ɗaya, duk wanda ya riga zuwa. Mai hawa awa biyar a mako ya cika awa 50 cikin wata biyu da rabi. Kuma waɗannan lambobin ba da ƙurar hunturu a zuciya aka rubuta su ba. "Ba a taɓa buɗe shi ba" a kan keke ɗan shekara biyar, ma'anarsa man ciki ya zama taɓo. Ƙaramin sabis ɗin ba gagara ba ne, ana koyonsa a tsakar gida da 'yan makullai da man da ya dace, kuma duk mai irin wannan keke a inda muke ya kamata ya iya. Duk dawowa ina share ƙafafun fok da sandar shok da tsumma mai tsabta kafin in sha ruwa.

Kuma don girman Allah, ku daina kai keke wajen wankin mota. Injin feshin nan yana tura ruwa da yashi cikin boris ya koro gires waje. Bokiti, soso da buroshi sun wadatar. Ku daina shafa wa kaca baƙin mai, tara ƙasa yake yi ya cinye haƙoran giya. Kaca mai giya 12 ana canza ta da zarar ta miƙe da kashi 0.5 cikin ɗari, kuma ma'aunin da ke nuna hakan bai kai kuɗin taya ɗaya ba. Man birki kuma kashi biyu ne da ba sa haɗuwa: Shimano da Magura man minaral suke sha, yawancin tsofaffin SRAM kuwa DOT, irin na birkin mota. A kan murfin aka rubuta. Na ga birki sabo fil da aka ɗura wa man birkin mota saboda "ai duk mai ne", robobin suka kumbura, aka jefar da shi gaba ɗaya. Wanda ya yi aikin gwani ne a babur, ba ƙeta ya yi ba, ba a gaya masa ba ne. Mai keken ne ya kamata ya sani ya faɗa.

Sai waɗanda suka sayi keke mai kyau suka ƙi saita shi. Za ka ga mutum ya buga wa shok iska har ya ƙi motsi, ko ya kulle shi dindindin, wai don kada ya sha masa ƙarfi. To me ya sa ka biya kuɗin shok? Saitin ba wuya. Sa kayan da kake hawa da su, ka hau a hankali wani na riƙe da kai, ka tura zoben robar da ke kan sandar shok ya taɓa jikinsa, ka sauka ba tare da girgiza ba, ka auna inda zoben ya tsaya. A baya kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari ake so, a gaba 15 zuwa 20. Ga shok mai nutsewar milimita 45, wajen 11 zuwa 13 ke nan. Ana buƙatar famfon shok na musamman mai kai psi 300, famfon taya ba ya yi, don haka sa shi cikin kuɗin keken tun farko. Maɓallin nan mai launin ja da ke jikin shok shi ke saita saurin dawowa: idan keken na harba ka sama bayan dutse, rage saurin, idan yana nutsewa ya ƙi tasowa a gargada, ƙara. Makullin kuwa na kwalta ne da tashin farko a tsere. A hayi mai tsakuwa ni a buɗe nake barin nawa, domin tayar baya ta bi ƙasa ta kama. Akwai abokan hawana da ke kullewa a kowane tudu, mun daɗe muna musu a kai.

Bari in yi magana a kan na kasuwa, waɗanda ake jerawa a bakin titi da ƙaton sifirin ja ko rawaya a tsakiya. Iyaye na saya wa yara, ba laifi idan makaranta za a je. Amma saurayi ya ɗauko shi ya ce zai bi mu Shere, a'a. Abin da ke sa shok ya zama shok shi ne man da ke ciki yana riƙe dawowarsa. Waɗannan sifirin ne zalla, ya matse ya harba. Gaɓarsu noti ɗaya ce a cikin roba, wata kaɗan ta fara lilo, nauyinsu kuma yakan haura kilo 17. Araha ba ta ado. Idan kuɗinka bai kai na mai shok biyu na gaske ba, sayi mai shok na gaba kaɗai daga kamfanin kirki, da fok na iska da birkin mai. Zai fi sauƙi, zai fi sauri, gyaransa kaɗan ne, kuma zai koya maka zaɓen hanya. Babu kunya a ciki. Ana cin tsere da shi.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kada ka sayi firam ɗin da bai yi maka daidai ba don an rage maka kuɗi; harafin M na wannan kamfani ba shi ne M na wancan ba, sai ka hau ka ji. Wili mai inci 29 shi ake tsere da shi yanzu, gajeren mutum zai iya duba 27.5, amma 26 samun taya mai kyau dominsa ya fara wuya. Duba faɗin aksul, wato sandar da ke ratsa tsakiyar wili, a milimita: na yanzu 148 a baya da 110 a gaba, tsofaffi 142 ko 135, kuma ba sa shiga wa juna. Mazaunin giyar baya iri uku ne, HG da XD da Micro Spline, ka san naka kafin ka yi oda. Tsohon firam mai miƙaƙƙen wuya, sabon fok mai kyau da wuya ya shige shi. Firam mai ɗaukar UDH, ƙarfen riƙe mai canza giya na baya wanda SRAM ta fito da shi a 2019, ya fi sauƙin sha'ani, domin kamfanoni da yawa shi suke amfani da shi. Faifan birkin gaba ya zama milimita 180. Sandar sirdi mai sauka da tashi tana ƙara 'yan gram ɗari, ni kuma ba na hawa babu ita. Ka gwada kwalbar ruwa a cikin firam, domin wasu ƙananan firam shok ya cinye wurin. Ba banza ba masu shiga Cape Epic ta Afirka ta Kudu, tseren kwana takwas da aka fara a 2004, suke neman mai ɗaukar kwalba biyu.

Kabon kuwa ba na hana kowa, amma a san abin da aka ɗauko. Ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, yana iya tsagewa daga ciki fenti na nan lafiya. Notocinsa na kan keke da na sirdi da ma'auni ake ɗaure su, galibi 4 zuwa 6 a ma'aunin Nm, ba da ƙarfin damtse ba. Mai walda ba shi da abin da zai yi masa. Alminiyam ma in ya tsage, waldar bakin titi ba ta mayar masa da ƙarfinsa, amma aƙalla yakan nuna maka lotsawa ko tsaga da ido.

Idan na je duba na hannu, da rana nake zuwa, da tocila da tsumma da famfon shok ɗina. In goge firam ɗin tas, in haska ƙarƙashin bututun ƙasa, da kewayen feda, da wuya, da inda kaca ke duka. In ƙwanƙwasa kabon da sulalla a hankali. Inda sautin ya mutu, akwai magana. In riƙe sirdi in ɗaga shi kaɗan-kaɗan, in na ji ƙas-ƙas to idon shok ya ci. In kama wilin baya in girgiza shi hagu da dama don jin boris. In bi ƙafafun fok da farce, domin ƙwarzanen da farce ya kama zai yanka roba ya zubar da mai. Sannan in sauke iskar shok a hankali, in danna keken har ƙasa in ji ko akwai inda yake cijewa, in mayar da iskar, in rubuta lambar da ta nuna, in ce wa mai shi gobe zan dawo in sake aunawa. Famfon da kansa yana shan 'yar iska kaɗan duk sanda aka ɗaura shi, wannan ba komai ba ne. Amma in na tarar ta sauka da yawa, sai mu cire kuɗin sabis daga farashi, in kuma mai shi ya ce ba zai jira goben ba, in ba shi hannu mu yi sallama.